Saka

Balaraba ce ta shigo da jaridar,
an naɗo mata ƙosai a ciki.
Mai ya cinye rabin labarin
ya bar kanun a tsaye.
Ta ce, Kaka, da ku ake,
tsofaffin ma'aikatan masaƙa.
Ta ɗora yatsa kan wata kalma mai harafi bakwai,
biyu a ciki kamar Hassan da Husaini.
Wai malaminsu ya ce saka ake faɗi,
sauran haruffan 'yan rakiya ne.

Na ce, saƙa?
Wannan ba sai Bature ya koya mini ba.
Shekara ashirin da uku ina gaban inji a Kakuri
har kunnen hagu ya riga ni ritaya.
Ta yi dariya: babu ƙugiya a kanta, Kaka.
Na ce, to sakar da ake yi a aljihu?
Ko ta Allah ya saka da alheri?

Ta ɗauko ƙamus ɗin da na saya mata a Kasuwar Barci,
mai bangon kwalin sukari,
ta bi layi da farce.
Taimako ne, in ji ta,
amma ba na miƙo mini buta ba,
ba na kama mini in ɗora tulu ba.
Na wanda ruwa ya kai wa wuya.
Tsohuwar kalma ce, ta daina zuwa kasuwa,
sai a jarida, sai a bakin mai wa'azi.
Kuma asalinta gudu ne:
ka ruga ka shiga ƙarƙashin mai faɗuwa
kafin ya kai ƙasa.

Na ce, ashe gudunmawa ce ta sa kwat.
Ai mu ma gudun yana cikin tamu.
Wa ya taɓa kai ɗauki da tafiyar hawainiya?

To karanta mini, wa ke gudowa?
Ta ɗaga takardar a hasken ƙofa,
man ya mai da ita kamar gilashi.
An kafa kwamiti, in ji ta.
Za a tantance.

Na san tantancewa.
Na yi mata hoto sau huɗu,
kowane hoto ya fi na baya furfura.
Bitrus yana gabana a layi,
har ranar da layin ya matsa babu shi.
Katinsa na nan a aljihun rigar da aka rataye,
matarsa ta hana a wanke.

Shi ne wanda, a daminar da aka rufe masaƙa,
daren da numfashin kakarki ya sarƙe,
ya ji salatina ta katanga.
Bai tsaya neman takalmi ba.
Ya goya Tasallah, ni ina riƙe da fitila,
taɓo har gwiwa,
muka kai titi, ya tare motar burodi da ƙirjinsa.
Iya Risikatu kuma, mai garin kwaki,
littafin bashinmu ya ɓace mata a watan nan,
har ta koma ga Allah ba ta neme shi ba.
Babu wanda ya buga su a kanun labari.
Babu cikinsu mai iya rubuta harafi bakwai ɗin.

Balaraba ta ciro biro.
An ce mu sa kalmar a jimla, Kaka, gobe za a duba.
Na ce, rubuta: Bitrus.
Ta ce, wannan ba jimla ba ce, babu aikatau.
Na ce, duk aikatau ne, ke dai rubuta.

Ta tsaya tana tauna murfin biro.
Jirgin ƙasa bai wuce ba, jiniya ba ta yi kuka ba,
Kakuri shiru kamar an ɗauke wuta a sama.
Na jawo jaridar gabana.
Ko ba komai, yau ta iso da abu a cikinta,
kuma da sauran ɗuminsa.
Na ce, ci ƙosanki kafin ya huce,
ki bar mini biyu.